Yadda Ake Zaɓen Ƙahon C Domin Busa a Okestra

'Yan'uwa, a ikilisiyoyinmu da yawa ba a rasa yaro ko yarinya da suka fara busa tun suna ƙanana, a ƙungiyar Boys' Brigade, ko ta Girls' Brigade, ko a badujalar majami'a. Yawanci sukan fara da begila, daga nan su koma ƙaho mai bawul uku, wanda ake kira tirampet. Waɗansu sukan tsaya nan, suna busa a ranakun taro, da bikin aure, da jana'iza, wannan kuwa aiki ne mai kyau. Amma akwai waɗanda sukan so su ci gaba, su shiga makarantar kiɗa, har su sami kujera a okestra, wato babbar ƙungiyar makaɗa wadda ta haɗa masu goge irin na Turawa, da masu sarewa, da masu ƙaho, da masu ganga, dukansu suna karanta kiɗa a rubuce. A can ne wata rana malami zai ce wa ɗalibi lokaci ya yi da zai nemi ƙahon C. Sai maganar ta dawo gida wurin iyaye, wani lokaci har ta kai gaban dattawan ikilisiya, gama kuɗin ba kaɗan ba ne.

Sabon ƙahon C na ƙwararru yakan wuce dalar Amurka 3,000, wato miliyoyin naira, kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan. Wanda ya yi kuskure a irin wannan ciniki ba zai iya sakewa shekara mai zuwa ba. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani dalla-dalla, domin mai busa da masu biyan kuɗin su san abin da suke nema. Gundarin maganarmu shi ne: da kunne ake zaɓen ƙahon C, bisa ga aikin da za a sa shi. Sunan kamfani da tsada suna biyo baya ne.

Bambancin ƙahon C da wanda muka saba da shi

Kusan kowane ƙaho da yake a badujalarmu na B-filat ne. Idan aka miƙe bututunsa, tsawonsa kusan mita 1.48 ne. Na C ya fi shi gajarta, kusan mita 1.3. Ga ido, kamanninsu ɗaya ne, sai wanda ya lura zai ga bututun saitin na C bai kai na B-filat tsawo ba. Amma ka'idar busa ita ce, gajeren bututu ya fi dogo hawa sama. Don haka idan mutum biyu suka busa ba tare da danna bawul ba, mai ƙahon C zai fi ɗan'uwansa hawa da mataki guda cikakke, kamar tazarar da take tsakanin do da re.

Ga inda wannan ya shafe mu. Duk mai busa a majami'a ya san cewa idan mai kibod ya ce waƙa tana ki F, shi sai ya ɗauke ta a G kafin su daidaita. Dalili kuwa, ƙahon B-filat yana fitar da sautin da yake ƙasa da abin da aka rubuta da mataki guda. Ƙahon C ba ya yin haka. Abin da aka rubuta shi ne abin da zai fito, daidai da kibod, da biyolin, da muryar mawaƙa.

Muryarsu ma ta ɗan bambanta. Ta B-filat ta fi kauri da faɗi. Ta C ta fi haske da kaifi kaɗan, tana kuma fita da sauri, shi ya sa takan ratsa ta cikin makaɗa tamanin ko fiye ta kai kujerar ƙarshe ba tare da mai busa ya yi ihu da ita ba.

Yadda ya zama ƙahon okestra

Ƙahonin dā ba su da bawul. Kamar begila suke, sautuka kaɗan ne suke iya fitarwa, sai a riƙa ƙara musu bututu ko a rage domin su dace da kin waƙa. A 1818 ne Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi rajistar bawul a Jamus, wajen 1839 kuma François Périnet na birnin Faris ya fito da irin bawul ɗin da muke dannawa a yau. Duk da haka marubutan kiɗa sun ci gaba da rubuta rabon ƙaho a ki dabam-dabam, wani a F, wani a D, wani a E, wani a A. Har yanzu haka takardun suke. Mai busa a okestra yana kallon sauti ɗaya a takarda, yana juya shi a kansa, yana busa wani. Da ƙahon C wannan lissafi ya fi sauƙi a wurare da yawa: idan takarda ta ce ƙaho a D, sai a hau mataki guda, idan ta ce a B-filat, sai a sauka mataki guda.

Akwai dalili na biyu. Tsirkiyoyin biyolin huɗu an saita su a G, D, A da E, saboda haka kiɗan okestra da yawa yana cikin kin da yake da shaf. Waƙar da take E tana da shaf huɗu. Mai ƙahon B-filat dole ya busa ta a F-shaf, mai shaf shida, yatsunsa suna harɗewa. Mai ƙahon C zai tsaya a shaf huɗunsa.

Faransawa ne suka fara rungumar ƙahon C sosai. Wani Bafaranshe, Georges Mager, wanda ya yi kusan shekara 30 yana jagorar masu ƙaho a okestrar Boston har zuwa 1950, ya taimaka ƙwarai wajen kafa shi a Amurka. Ɗalibinsa Adolph Herseth ya riƙe kujerar farko a okestrar Shikago daga 1948 zuwa 2001, shekara 53 ke nan. A 1955 maƙerin nan Vincent Bach ya ƙera waɗansu ƙahonin C domin wannan okestra, muryarsu kuwa ta zama abin da ake auna sauran da shi har wa yau.

Amma kada mu ɗauka ko'ina haka ne. A Ingila masu busa da yawa sun fi riƙe B-filat. A Jamus da Ostiriya, kamar a manyan okestrorin Balin da Biyana, ana busa ƙaho mai bawul mai juyawa, wanda ake riƙewa a kwance, muryarsa kuma ta fi laushi da zagaye. Saboda haka tambaya ta farko ita ce, a ina za a yi busan, da waɗanne mutane?

Ko ana bukatarsa da gaske?

Muna so mu faɗi wannan a fili, ko da ba zai yi wa waɗansu daɗi ba. Wanda aikinsa badujala ne, ko fareti, ko ƙungiyar busa ta soja ko ta 'yan sanda, ba ya bukatar ƙahon C. An rubuta takardun badujala domin B-filat, idan ya shigo da C zai riƙa juya kowane sauti a banza, muryarsa kuma ba za ta narke cikin ta sauran ba. Wanda bai ƙware a B-filat ba tukuna, shi ma ya dakata. Ƙahon C ba ya ƙara wa mutum tsawon numfashi ko ƙarfin leɓe, ba kuma zai ba shi sautukan sama da bai taɓa samu ba. Kurakuran da B-filat yake ɓoyewa, C yakan tona su.

Wanda ya kamata ya saya shi ne ɗalibin da malaminsa ya fara ba shi rabon okestra, ko wanda yake shirin gwajin shiga ƙungiya irin ta MUSON da take Legas, ko makarantar kiɗa a ƙasar waje. Akwai kuma kiɗan da aka rubuta wa ƙahon C kai tsaye, kamar konsato na Henri Tomasi na 1948 da Intrada na Arthur Honegger na 1947. Ko irin wannan ɗalibi kada ya sayar da B-filat ɗinsa domin ya sayi C. Sautin ƙasa na ƙarshe da C yake kaiwa F-shaf ne, B-filat kuwa yana sauka har E. A mabuɗin wasan Carmen na Bizet akwai wurin da ya sauka ƙasa da iyakar C, sai an koma B-filat. Haka kuma rabon ƙaho a Messiah na Handel, wanda mawaƙanmu suka sani, domin ƙahon D aka rubuta shi, a yau kuma yawanci da D ko da ƙaramin ƙahon fikolo ake busa shi. Ƙahon C ƙari ne a kan kayan aiki.

Sassan da za a duba

Na farko, faɗin ramin bututu. Yawancin ƙahonin B-filat na ƙwararru inci 0.459 ne, yawancin na C na okestra kuwa inci 0.462, wanda ake kira babban rami. Bambancin bai kai kaurin gashin kai biyu ba, don haka kada lambar ta tsorata kowa. Ba ita kaɗai take sa ƙaho ya ji a buɗe ko a matse ba.

Na biyu, bututun farko, wato wanda bakin busa yake shiga. Yadda yake buɗewa a hankali daga farko zuwa ƙarshe shi yake sa mai busa ya ji iska tana tafiya sumul ko tana tokarewa, yana kuma da hannu sosai a daidaiton sautuka. A ƙahonin Bach za a ga lamba kamar 25H ko 25A. Harafin H ɗin nan na Herseth ne.

Na uku, ƙarshen ƙaho da ya buɗe kamar mazurari, wanda masu busa suke kira bel. A nan ma Bach yana da lambobi biyu da suka fi shahara, 229 da 239. Masu busa da yawa suna cewa 229 ya fi tattara murya ya jefa ta nesa, 239 kuma ya fi faɗi da kauri.

Na huɗu, ƙarfen. Da tagulla ake ƙera ƙaho, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya. Tagulla mai ruwan ɗorawa tana da jan ƙarfe kashi 70 cikin 100, ita ce aka fi amfani da ita. Wadda jan ƙarfenta ya kai kashi 85 takan ba da murya mai ɗan duhu. Yawancin ƙahonin C na okestra ana yi musu ruwan azurfa. Azurfa takan yi baƙi idan ba a goge ta, amma ta fi fenti mai sheƙi jure zufar hannu.

Na biyar, bakin busa. A nan akwai ruɗanin da ya kamata mu warware. Harafin C da ake gani a jikin bakin busa, kamar 7C ko 3C, ba ya nufin na ƙahon C ne. Yana nuna zurfin kofinsa ne kawai. Masu okestra da yawa suna amfani da mai faɗi, kamar 1½C ko 1¼C, sau da yawa kuma da maƙogwaro da aka ɗan buɗe, daga lamba 27 zuwa 25 ko 24. Irin wannan buɗewa takan taimaka wa daidaiton ƙahon C. Amma kada a sake ƙaho da bakin busa a rana ɗaya, in ba haka ba ba za a san wanne ne ya kawo canji ba.

Masu ƙerawa

Kamfanin Bach, wanda Vincent Bach ya kafa a Niyok a 1918, yanzu kuma yake Elkhart a jihar Indiyana, shi ya daɗe yana riƙe da wannan kasuwa. Yamaha na Japan yana da jerin Xeno, cikinsu har da samfurin da ake kira Shikago, wanda aka tsara tare da John Hagstrom na okestrar birnin. Akwai Schilke, wanda Renold Schilke, shi ma tsohon mai busa a okestrar Shikago, ya kafa a 1956. Akwai Shires a Amurka da B&S a Jamus. Ga masu neman mai bawul mai juyawa kuma, akwai Schagerl da Lechner a Ostiriya, da Monke da Thein a Jamus. Dukansu suna da ƙahoni masu kyau. Sai dai ko ƙahoni biyu masu lamba ɗaya daga kamfani ɗaya ba lalle su busu iri ɗaya ba, gama akwai aikin hannu da yawa a ciki. Shi ya sa suna ba ya isa.

Babbar matsala: daidaiton sauti

Idan akwai abu ɗaya da ya raba ƙahon C mai kyau da mara kyau, daidaiton sautukansa ne. Kowane bututu yana da jerin sautukan da yake bayarwa da kansa, na biyar a jerin kuwa yana ƙasa da na kibod da kusan kashi 14 cikin 100 na rabin mataki. A ƙahon C wannan ya faɗa kan E na sama da ake busawa ba a danna komai ba, da E-filat na bawul na biyu, da D na bawul na farko. A ƙahoni da yawa waɗannan uku sukan sauka fiye da kima. Masu busa sukan gyara ta wurin sake yatsu: E da bawul na 1 da na 2, E-filat da na 2 da na 3. G da yake bisa layi na sama kuma yakan hau. D da C-shaf na ƙasa su ma sukan hau, sai an tura bututun bawul na uku waje.

Babu ƙahon da ya kuɓuta daga wannan gaba ɗaya. Abin da ake nema shi ne wanda karkatarsa kaɗan ce, wanda kuma yake barin mai busa ya lanƙwasa sauti da leɓe ba tare da murya ta mutu ba. A okestra mai ƙaho yakan zauna shiru na minti da yawa yana ƙidaya, sa'an nan ya shigo shi kaɗai, a hankali, kowa yana ji. Idan E ɗinsa ya sauka a wannan lokaci, babu inda zai ɓuya. A gwajin ɗaukar aiki kuwa sau da yawa alƙalai suna bayan labule. Ba sa ganin sunan da yake jikin ƙaho, abin da ya shiga kunnensu kaɗai suke yi wa hukunci.

Yadda za a gwada

Mai saye ya je da bakin busan da ya saba da shi, da na'urar saita sauti ko manhajarta a waya, da malaminsa ko wani mai kunne. Ya fara ɗumama leɓe da nasa ƙahon. Ya gwada a ɗaki babba. Majami'ar da babu kowa a ciki ta fi ƙaramin shago nesa ba kusa ba. Mai sauraro ya koma kujerar baya, gama abin da mai busa yake ji a bayan ƙaho dabam yake da abin da yake isa wurin jama'a. Idan ƙahonin sun fi ɗaya, a miƙa masa su yana rufe da ido, kada suna ya rinjaye shi.

Ya busa dogayen sautuka daga ƙasa zuwa sama, ba ya kallon na'ura, wani yana rubuta abin da ta nuna. Mai kibod ya riƙe C, shi kuma ya busa E da G a kai, a ji ko sun zauna lafiya. Ya gwada fara sauti a hankali ƙwarai, gama kowane ƙaho yana iya ƙara, amma ba kowanne yake amsa raɗa ba. Sa'an nan ya busa da ƙarfi, a ji ko murya ta fashe. Bayan haka ya ɗauko wuraren da ake tambaya a gwaji: mabuɗin simfoni na biyar na Mahler, da mabuɗin Hotunan Baje Koli na Mussorgsky yadda Ravel ya tsara wa okestra a 1922, da kiran ƙaho na Leonore na uku na Beethoven. A ƙarshe ya busa tare da wani mai ƙaho, domin a okestra masu ƙaho biyu zuwa huɗu ne suke zama jere, ana so muryarsu ta zama kamar ta mutum ɗaya. Idan abokan zamansa duka suna da iri ɗaya, hikima ce ya nemi abin da zai haɗu da nasu.

Sabo ko na hannu

Ƙaho na hannu da aka kula da shi yana iya yin aiki shekaru masu yawa, kuɗinsa kuma ya fi sauƙi. Amma a bincika sosai. A zare bututun bawul ba tare da danna bawul ɗin ba. Idan ya yi ƙara kamar an cire murfin kwalba, bawul yana riƙe iska, idan kuwa ya fito shiru, ya sassauta, gyaransa kuma yana da tsada. A duba bututun farko ko akwai ɗige-ɗige ja, alamar tutiya tana cinyewa daga ciki. A duba lotsawa, musamman a bututun farko da gidan bawul, da wuraren da aka yi wa walda. Kowane bututu ya riƙa motsi ba da kokawa ba.

A yi hattara da jabu. Ana buga sunayen manyan kamfanoni a jikin ƙahoni marasa inganci, ana tallarsu a intanet da araha. Araha ba ta ado. A nemi lambar ƙaho da take jikin gidan bawul, da hotuna na kusa, a nuna wa wanda ya sani. Idan daga waje za a yi oda ba a gwada ba, a saya wurin dillalin da ya yarda a mayar cikin 'yan kwanaki, a kuma sa wani mai busa da aka amince da shi a can ya gwada kafin a ɗora a jirgi.

Zafi da ƙura

Yanayinmu ma yana da tasa magana. Zafi yakan sa ƙaho ya hau, sanyi ya sa ya sauka. Ƙahon da aka saita a ƙasa mai sanyi zai bukaci a ƙara jan bututun saitinsa a watan Afrilu a Yola ko Kano, don haka a tabbata akwai sauran wurin ja. A kuma tambayi ma'aunin da ƙungiya take bi, gama waɗansu suna saita A a 440, waɗansu a 442. Ƙurar hunturu kuwa tana cin bawul kamar yashi. A riƙa rufe ƙaho a akwatinsa, a sa man bawul na ainihi kullum, ban da man inji ko man gyaɗa. A wanke cikinsa da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi lokaci lokaci, ban da ruwan zafi. A kurkure baki kafin busa. Masu gyaran irin wannan kaya ba su da yawa a wurinmu, kulawa ta fi neman magani.

Ga iyaye da dattawan da za su sa hannu a aljihu, shawararmu ita ce ku yi tambaya uku kafin ku biya: wane malami ne ya ce lokaci ya yi, a wace ƙungiya za a busa shi, wa kuma ya saurare shi daga kujerar baya ya ce sautukansa sun daidaita? Idan an sami amsa mai gamsarwa ga ukun nan, ku saya da kwanciyar rai. Idan ba a samu ba, ku riƙe kuɗin tukuna, ku biya wa yaron darasi wurin malami mai kyau, ya ci gaba da B-filat ɗinsa har lokacin ya yi.